Daga Mallaka Zuwa Haya: Tarihin Sharuɗɗan Karanta Mujallun Ilimi a Ɗakunan Karatu

Malaman fiƙihu, Allah ya saka musu da alheri, tun da daɗewa suka rarrabe tsakanin bai'i da ijara, suka bayyana cewa wanda ya sayi abu ya mallaki zatinsa, yana da ikon ya ajiye shi, ko ya ba da aronsa, ko ya bar wa magada, amma wanda ya karɓi haya bai mallaki kome ba face manfa'a, ita ma zuwa wani ajali sananne, bisa sharuɗɗan da aka gindaya masa. Wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar wani babban juyi da ya auku a ɗakunan karatu na jami'o'in duniya cikin shekaru talatin ɗin nan, juyin da mafi yawan masu karatu ba su farga da shi ba, domin sauƙin da ya zo da shi ya ɗauke musu hankali. Gama mujallun ilimi, waɗanda ɗakunan karatu suka yi fiye da shekara 300 suna saye suna jerawa a kantoci, yau hayar shiga rumbunansu na intanet ake biya shekara-shekara, kuma abin da aka halatta wa mai karatu da abin da aka haramta masa suna rubuce ne a cikin wata takardar yarjejeniya da ake kira lasisi, wadda shi bai taɓa gani ba.

Asalin al'amarin yana komawa ne zuwa shekarar 1665, wadda a cikinta mujallun ilimi biyu na farko suka bayyana a ƙasashen Turai: a watan Janairu Denis de Sallo ya fitar da Journal des Sçavans a birnin Faris, sa'an nan a watan Maris Henry Oldenburg, magatakardan ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan, ya fitar da Philosophical Transactions, wadda har gobe ba ta daina fitowa ba. Abin da ake nufi da su shi ne masani ya rubuta abin da bincikensa ya kai shi gare shi, a sa masa kwanan wata domin a san wanda ya riga wani, kana takwarorinsa na nesa su karanta, su gaskata ko su yi raddi. Ƙungiyoyin masana da jami'o'i ne suka ɗauki nauyin buga da yawa daga cikinsu, ba su kuwa cika samun riba ba, wasu ma hasara suke yi. Ɗakin karatu yakan biya kuɗin shekara, gidan waya ya riƙa kawo masa fitowa bayan fitowa, in shekara ta ƙare a tattara a ɗinke, a yi bango mai ƙarfi, a jera mujalladi kusa da mujalladi. Ranar da kuɗi suka yanke, sababbi ne kaɗai za su daina zuwa, amma abin da ya riga ya shiga hannu ya zauna ke nan, ba mai ikon zuwa ya kwashe shi.

Shari'a ma ta ƙarfafa wannan al'ada. Kamfanin ɗab'i na Bobbs-Merrill ya taɓa buga wani littafin hikaya, ya rubuta a cikinsa cewa bai yarda wani ɗan kasuwa ya sayar da shi ƙasa da dala 1 ba. Kantin Macy's na birnin New York ya sari littafin ya riƙa sayarwa a kan santi 89. Aka yi ta shari'a har Kotun Ƙolin Amurka, wadda a shekarar 1908 ta yanke hukunci cewa ikon mai haƙƙin mallaka a kan kwafin da ya sayar yana ƙarewa ne da cinikin farko. A kan wannan ƙa'ida, da makamantanta a wasu ƙasashe, aikin ɗakin karatu ya tsaya, watau ya ba da aro ga wanda ya ga dama, ya bar baƙo ya shigo ya zauna ya yi muɗala'a, ya taimaki wani ɗakin karatu na nesa da abin da ya rasa, ya kuma adana domin waɗanda ba a haifa ba tukuna, duk ba tare da neman iznin kowa ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatoci suka zuba dukiya mai yawa a binciken kimiyya, masana suka yawaita, maƙaloli suka fi ƙarfin mujallun ƙungiyoyi, sai 'yan kasuwa suka hango abin da ke ciki. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Robert Maxwell, mai kamfanin Pergamon Press na Ingila tun daga 1951, wanda ya riƙa bin tarurrukan masana yana zawarcin manyansu, yana buɗe wa kowane reshe na ilimi mujallarsa. Ya gane cewa wannan fatauci ba shi da na biyu, domin marubucin maƙala ba ya karɓar lada, masanan da ke duba ta su tantance ta ba sa karɓar lada, gwamnati ce ta biya kuɗin binciken, sa'an nan ɗakin karatu na jami'ar da ke biyan albashinsu duka shi ne zai zo ya saya. Kuma tun da yake maƙalar da ta fito a wannan mujalla ba a samunta a waccan, ba dama mai saye ya ce nan ta yi tsada, bari in leƙa gaba. A 1964 Eugene Garfield ya fitar da fihirisinsa mai suna Science Citation Index, wanda ke ƙididdige yawan ambaton da masana ke yi wa junansu. Daga nan aka san mujallun da ba makawa sai da su, darajar malami da ƙarin girmansa suka rataya ga inda ya buga, masu mujallun kuwa suka ɗaga farashi yadda suka so. Sa'ad da Maxwell ya sayar da Pergamon ga kamfanin Elsevier na ƙasar Holan a 1991, fam miliyan 440 aka biya shi.

A cikin shekarun 1980 tsadar ta kai har manyan jami'o'in Amurka da Ingila suna soke mujallu, suna rage sayen littattafai domin su cike gurbi. A wajenmu kuwa abin ya fi muni, domin bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, mujallun da ake biya da dala da fam suka daina zuwa jami'o'in Nijeriya, har wanda ya bi kantocin tsofaffin ɗakunan karatunmu yakan tarar da jerin mujalladai ya taho daidai tun daga shekarun 1960, sa'an nan ya yanke kwatsam. Duk da haka, abin da aka saya kafin yankewar ya wanzu a wurinsa, ɗalibai suka ci gaba da cin moriyarsa, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a zuciyarsa, domin shi ne abin da aka rasa daga baya.

Kwamfuta ta shigo ne sannu a hankali. A 1971 aka buɗe rumbun MEDLINE na fannin likitanci a Amurka, a 1972 kuma na Dialog, inda ake biya gwargwadon mintocin da mutum ya yi yana nema, ko da yake a lokacin sunayen maƙaloli da taƙaitawarsu kaɗai ake samu. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara kawo irin waɗannan fihirisai a kan faifai, kuma a nan ne masu kula da ɗakunan karatu da yawa suka fara cin karo da sharaɗin da ba su saba ji ba, cewa faifan na kamfani ne, in an daina biya a mayar masa da abinsa. Daga 1991 zuwa 1995 Elsevier ya gwada aika cikakkun maƙaloli ta waya zuwa jami'o'i tara na Amurka a wani shiri mai suna TULIP. A 1995 aka kafa JSTOR da taimakon gidauniyar Mellon domin mayar da tsofaffin mujalladai cikin kwamfuta. A 1997 Elsevier ya buɗe rumbunsa na ScienceDirect.

Masu ɗab'i suna da hujja wadda adalci ya wajabta a ambata: takarda in an ba da aronta ta bar hannun mai ita, amma abin da ke cikin kwamfuta ana iya kwafe shi sau dubu ba tare da ya ragu ba, saboda haka suka ji tsoron kada jami'a ɗaya ta biya, duniya duka ta karanta. Maganin da suka zaɓa shi ne su daina sayarwa ɗungum, maƙaloli su zauna a cikin na'urorinsu, ɗakin karatu ya sa hannu a kan yarjejeniya kafin a buɗe masa. A 1996 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka, a shari'ar ProCD da Zeidenberg, wadda aka yi a kan faifan lambobin tarho, ta tabbatar da cewa sharuɗɗan lasisi suna ɗaure wanda ya karɓe su, ko da sun hana shi abin da dokar haƙƙin mallaka ba ta hana shi ba. Tun daga wannan zamani, duk abin da doka ta ba ɗakin karatu a da ba tare da roƙo ba, ya zama sai ya neme shi layi-layi a teburin ciniki.

Sharaɗi na farko, wanda dukkan sauran ke rataye gare shi, shi ne tantance wanda aka yarda ya karanta: malaman jami'ar, da ɗalibanta masu rajista, da ma'aikatanta, ana gane su ta adireshin kwamfutocin harabar jami'a ko ta kalmar sirri. Likitan da ya gama karatu jiya ya tafi aiki asibitin ƙauye, da malamin sakandare, da ɗan jarida, duk sun faɗa waje, sai fa in ɗakin karatu ya dage aka rubuta cewa baƙon da ya tako da ƙafarsa zai iya zama gaban kwamfutar ɗakin ya karanta. Na biyu shi ne taimakon wani ɗakin karatu da maƙala, wanda lasisin farko-farko da yawa suka hana, wasu kuma suka yarda bisa sharaɗin a buga maƙalar a takarda tukuna sa'an nan a aika ta gidan waya ko na'urar fakis, alhali kuwa danna maɓalli ɗaya ya isa ya kai ta. Wasu ma suka iyakance taimakon ga ɗakunan karatu na cikin ƙasa ɗaya. Na uku, wanda ya fi dukkansu nauyi, shi ne makomar shekarun da aka riga aka biya, domin in ba a rubuta ƙarara cewa suna nan har abada ba, ranar da aka kasa biya ƙofa za ta rufe a kan sabo da tsoho gaba ɗaya.

Akwai kuma sharaɗin hana sauke maƙaloli masu yawa da na'ura, wanda ke ba kamfani ikon toshe jami'a sukutum saboda aikin mutum ɗaya. An ga haka a 2010, sa'ad da wani saurayi masanin kwamfuta, Aaron Swartz, ya shiga sauke maƙaloli daga JSTOR ta layin jami'ar MIT, har adadinsu ya kai wajen miliyan 4.8, aka rufe wa jami'ar duka ƙofa na wasu kwanaki, daga baya JSTOR ya sasanta da shi, amma masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya suka ci gaba da tuhumarsa, ya rasu a Janairun 2013 yana da shekara 26, tun ba a zauna shari'ar ba.

Dangane da farashi kuwa, a 1996 kamfanin Academic Press ya ƙulla da hukumar da ke ba jami'o'in Ingila kuɗi a lokacin wata yarjejeniya ta shekara uku, wadda ta buɗe musu dukkan mujallunsa a dunƙule. Sauran kamfanoni suka bi sawu: jami'a ta ci gaba da biyan abin da take biya a zamanin takarda, ta ɗora ɗan ƙari, a buɗe mata ɗaruruwan mujallun da ba ta taɓa saye ba, bisa sharaɗin ta ɗaure kanta shekara uku ko biyar, farashi yana hawa kowace shekara, ba ta kuwa da ikon soke sai kaɗan. A 2001 Kenneth Frazier, shugaban ɗakunan karatu na Jami'ar Wisconsin, ya yi wa wannan tsari laƙabi da babban ciniki, ya kuma gargaɗi abokan aikinsa cewa wanda ya shiga zai rasa ikon zaɓi, kuɗinsa su tattaru ga manya, ƙananan masu ɗab'i su rasa kasuwa. Zamani ya gaskata shi, domin wani binciken masana na Jami'ar Montreal ya nuna cewa kamfanoni biyar ne suka buga fiye da rabin maƙalolin da aka ƙidaya na shekarar 2013.

Abin da ya daɗa ƙarfafa masu sayarwa shi ne sharaɗin sirri, wanda ke hana jami'a ta faɗi nawa ta biya. A 2009 Elsevier ya kai Jami'ar Jihar Washington ƙara domin ya hana ta bayyana yarjejeniyarsu ga wasu masana tattalin arziki da suka nema a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai, alƙali ya ƙi amincewa. Da waɗannan masana, Theodore Bergstrom da abokansa, suka buga sakamakonsu a 2014, sai ga shi a 2009 Jami'ar Michigan ta biya dala miliyan 2.16, Jami'ar Wisconsin kuwa dala miliyan 1.22, a kan ƙunshi iri ɗaya, alhali girmansu ya yi kusa da juna.

Masu kula da ɗakunan karatu ba su naɗe hannu ba. A 1997 Ann Okerson ta Jami'ar Yale ta kafa shirin LIBLICENSE domin koya wa abokan aikinta karanta lafazin yarjejeniya da gane tarkonsa. Jami'o'i suka haɗa kai ƙungiya-ƙungiya suna tayi da murya ɗaya. Aka tsara lasisin koyi wanda ɗakin karatu zai ɗora a tebur maimakon ya jira na kamfani. Aka kuma kafa ma'ajiyoyi irin su LOCKSS na Jami'ar Stanford da Portico, inda ake ajiye kwafin mujallu amana, a buɗe shi in kamfani ya rushe ko ya daina bugawa. Da yawa daga sauƙin da ake gani a lasisin yau, kamar yarda da baƙo da barin ɗalibi ya shiga daga gida, jayayyar waɗannan mutane ce ta samar da shi.

Ƙasashe matalauta kuwa ta ƙofar kyauta suka shiga. A Janairun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da manyan kamfanoni shida suka buɗe shirin HINARI da mujallun likitanci wajen 1,500, kyauta ga ƙasashen da suka fi talauci, da rangwame ga waɗanda suka ɗan ɗara su; AGORA na fannin noma ya biyo a 2003, OARE na muhalli a 2006, a wannan shekara kuma JSTOR ya yafe wa makarantun Afirka kuɗin shiga. Alherin waɗannan shirye-shirye ga malamanmu da likitocinmu ba ya ƙidayuwa, kuma butulci ne a musa shi. Sai dai Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara: a Janairun 2011 masu bincike a Bangaladash suka wayi gari an janye musu mujallu wajen 2,500, domin wasu kamfanoni sun ga ƙasar ta isa a yi ciniki da ita, kuma sai da aka yi ta koke-koke kafin a mayar da wasu.

Tun kafin haka wasu masana sun ɗauki wata hanya dabam, watau a buɗe maƙala ga kowa tun ranar fitowarta. Paul Ginsparg ya kafa ma'ajiyar arXiv a 1991, aka kafa AJOL domin mujallun Afirka a 1998, aka kuma fitar da sanarwar Budapest a Fabrairun 2002. Da wannan ra'ayi ya yi ƙarfi, masu biya suka sami zuciyar cewa a'a. Jami'o'i da cibiyoyin bincike na Jamus wajen 200 suka ƙi sabunta yarjejeniyarsu da Elsevier, aka yanke musu sababbin maƙaloli a Yulin 2018, suka jure har 2023 kafin a daidaita. Jami'ar Kalifoniya, wadda a lokacin take biyan Elsevier fiye da dala miliyan 10 a shekara, ta janye a 2019, ta komo a 2021 bisa sharuɗɗan da suka buɗe rubutun malamanta ga duniya. Amma sabon tsarin ya zo da nasa nauyi, domin kuɗin ya tashi daga kan mai karatu ya koma kan marubuci: a Jamus euro 2,750 aka yanka wa kowace maƙala a yarjejeniyarsu da kamfanin Wiley ta 2019, mujallar Nature kuwa ta sa euro 9,500 a 2021. Malamin da jami'arsa ba ta cikin irin wannan yarjejeniya, in bai sami yafiya ba, zai iya karanta abin da wasu suka rubuta, amma da wuya ya sa nasa kusa da shi.

Haƙiƙa rumbunan intanet sun kawo wa ɗalibin Zariya da na Sakkwato da na Yamai abin da malamansu ba su taɓa mafarkin gani ba, amma tarihin nan ya nuna cewa babu wani sharaɗi mai kyau da aka samu sai da wani ya karanta, ya ƙi, ya yi haƙurin rashi na wani lokaci, kuma waɗanda suka yi tayi a haɗe sun fi waɗanda suka je ɗai-ɗai samun biyan bukata. Masar ta buɗe rumbun ilimi na ƙasa baki ɗaya a 2016, Indiya ma ta ware rupi biliyan 60 na shekara uku daga 2025 domin yarjejeniya ɗaya da kamfanoni 30. Nijeriya kuwa tana da makami a hannu, domin sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris na 2023 ta ɓata duk wani sharaɗin yarjejeniya da ke neman hana abin da ita dokar ta halatta, ko da yake amfanin wannan yana raguwa in aka yarda a rubuta cewa dokar wata ƙasa da kotunanta ne za su yi hukunci in an sami saɓani.

Saboda haka muna kira ga shugabannin jami'o'inmu da masu kula da ɗakunan karatunmu da kada su sa hannu a kan lasisin da ba su karanta shi harafi-harafi ba. Su nemi a rubuta cewa shekarun da aka biya sun tabbata gare su har abada, su nemi haƙƙin baƙo da haƙƙin taimakon juna, su ƙi sharaɗin sirri, su kuma yi tayi a ƙungiyance. Malamai masu rubutu kuwa su duba abin da suke miƙawa kafin su miƙa, su riƙe ikon ajiye kwafin aikinsu a ma'ajiyar jami'arsu, inda duk mai neman ilimi zai same shi ba tare da kalmar sirri ba. Allah ya sa mu dace.